Zuwa Ga Bawana Bazazzagi Mai Wayar Bashi

Bawana, na ga hoton da ka turo daga Landan, ka ɗaga sabuwar iPhone kamar wanda ya ciyo kofi, wai kamfanin layi ne ya ba ka kyauta. Kai da ake wa kirari da ɗan birnin ilimi, ashe lissafi bai taɓa ratsawa ta Ƙofar Doka ba?

Da bakinka ka ce fam 50 suke zara daga asusunka duk wata, har wata 24. Fam 1,200 ke nan, Malam. Kuɗin wayar da na kira da na data an cuɗa su wuri guda, yadda ba za ka gane nawa aka sayar maka da ita ba. Kafin su miƙo kwalin ma sai da suka tona tarihin bashinka, su ga ko kai mai biya ne ko ɗan taurin bashi. Wa ya taɓa yi wa mutum wannan bincike don zai ba shi kyauta? Ga ƙarin da akan lafta duk shekara wajen watan Afrilu. Abin ya ishi mutane har hukumar sadarwar ƙasar, Ofcom, ta ce daga Janairun 2025 dole a rubuta wa mai saye ƙarin da fam da kwabo tun ranar sa hannu. Na san ba ka karanta ba, kana can kana gwada kyamara.

In ka ce ka gaji za ka fice, sai ka biya kusan duk watannin da suka rage. In wayar ta faɗa ruwa, ita za ta jiƙe, bashin yana nan garau.

Mu Kanawa kuwa kasuwar waya ta Farm Centre muke shiga. A taya, mai kanti ya ce albarka, a yi kamar za a tafi, ya kira ka ya ce kawo kuɗi. Ka fito da abinka, ka zura layi biyu, wanda ya yi maka tsada ka cire shi gobe ba mai tambayarka. Na yarda ba kowa ke da kuɗin a dunƙule ba, shi ya sa a nan ma wayar biya kaɗan-kaɗan ta shigo, wadda in ka makara da biya sai ta kulle kanta. Amma masu ɗaukarta ba sa hawa Facebook su ce kyauta ce.

Na san halinka, wata 24 na cika za ka mayar musu da ita ka karɓi sabuwa da sabon bashi. Tsohuwar kuma ta biyo jirgi ta sauka Kano da sunan Landan yus, in saye ta da rabin kuɗi. Don Allah ka sa mata riga, kar ka fasa mini gilashi.