Tayil a Madafar Uwargida

Yanzu a Dungas, da mutum ya sayar da riɗi ya ji nauyin aljihu, sai ya ce madafar uwargida ma tayil za a shimfiɗa mata. To, madalla.

Maigida ya tsallaka Maigatari, ya canja sefa zuwa naira, ya nausa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Mai shago ya ɗauko fari tas mai sheƙi, ya rantse ɗan Italiya ne, ga kuwa rubutun Sinawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Wadda za ta yini tsaye a kai, ba a tambaye ta ba.

Farin tayil a garin rairayi kuwa ɗan tsegumi ne. Da hunturu ya busa, kowa ya taka sai ya bar sawu, har a gane wanda ya je kankare ƙanzo da dare. Ruwan tsari ya zuba, santsi ya kwashi mutum da tukunyarsa. Turmi fa? Taɓarya na sauka, tayil na darewa.

Kakanninmu daɓe suke yi: mata su taru da madaɓi, a yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, ƙasa ta yi ƙarfi. Babu kuɗin mota, babu na kwastan.

Uwargida dai ta maida murhu da turmi tsakar gida. Madafar an sa mata kwaɗo, sai baƙi sun zo a buɗe musu su gani, su ma da sharaɗin cire takalmi.