Zakin Kilimanjaro

Da labari ya bazu a gidanmu cewa zan hau Dutsen Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya, kowa zaki ya hango. Kawu ya kawo mini gora mai kan ƙarfe. Inna ta ɗaura mini laya a damtse, ta ce, "Ɗan nan, in ka haɗu da giwa, ban da gardama." Ni kuma na duƙufa koyon kwanciyar gawa a tsakar gida saboda ɓauna, yara na tsallake ni.

Likita kaɗai ya yi zancen iska. Ya ce tsayin dutsen mita 5,895 ne, kuma a ƙololuwarsa abin da numfashi ke kai wa jini bai wuce rabin na bakin teku ba. Ya rubuta mini Diamox, na cusa shi can ƙarƙashin kilishi.

A ƙofar Marangu jagoranmu ya ƙare wa gorar kallo, ya tambaya ina na baro shanun. Cikin kurmi birai masu farar jela kaɗai muka gani, su ma ko kallo ban ishe su ba. Jagora na ta roƙon a taka a hankali, a yawaita shan ruwa. Ni da na saba tsallaka titin Kano a guje, har 'yan dako na wuce.

A zangon Horombo, mita 3,720, kaina ya fara sara kamar ana dakan sakwara a ciki. Abinci ya fita raina, barci ya ƙaurace. Na lalubo ƙwayar likita, ita kuma aikinta sa fitsari. Haka na kwana ina zarya zuwa bayi cikin sanyi mai daskarar da ruwa, gora a hannu, ko zakin zai ɓullo.

Da safe naman dajin ya iso: wani ƙaton hankaka mai farin wuya. Ya sure kilishina, ya koma kan dutse yana ci yana kallona. Ko "kai!" na kasa cewa, haki ya hana.

Kafin zangon Kibo na fara amai ina tangaɗi. Jagora ya ce, "Malam, wannan ciwo maganinsa sauka." Muna saukowa zangon Mandara kai ya washe, yunwa ta taso. Na tambayi mai girki ko akwai sauran tuwon masara. Ya ce akwai, amma na 'yan dako ne. Na ce ai ni ma na ɗauko gora.