Ɗabaƙoƙin Mutane a Gonar Gayya

Duk wanda Allah ya nufa da halartar gayya a ƙasar Bangi, can cikin gundumar Madawa daf da iyakar Najeriya, a lokacin da hatsi ya kai gwiwa, ciyawa kuma ta fi ƙarfin mai gona da iyalinsa, lalle zai ga ɗabaƙoƙin 'yan Adam waɗanda malaman tarihi suka manta ba su tsara su cikin littattafansu ba.

Na farkonsu mai sammako ne, wanda tun makaɗi bai rataya ganga ba ya riga ya kama kunya, da zarar an yi masa kirari kuwa sai ya tsere wa tsara, ƙura na tashi, 'yan mata na guɗa. Amma wanda ya bi sawunsa zai tarar da ciyawa tana nan da ranta, ƙasa kawai aka lulluɓa mata, hatsi shi ne ya yi shahada.

Daga shi sai mai hauya marar lafiya, wadda ƙotarta ba ta kwancewa sai a gonar wani, har hantsi ya dubi ludayi yana gefe yana bugun ta da dutse. Kusa da shi akwai mai tsantseni, wanda ba a taɓa ganinsa yana sallar walaha ba sai ranar gayya, inda yakan kyautata alwala, ya cika raka'a takwas da dogayen surori, alhali babu mahalukin da ke da ikon ce masa ya gaggauta. Allah ya karɓa.

Wanda ya fi burge ni dattijon nan ne mai fatawa, da yakan jingina da gawo, itacen da kowa ya san ba ya da ganye da damina, yana zufa yana gyara wa samari riƙon hauya. A bakinsa za ka ji yadda Samariya take a zamanin Seyni Kountché, da yadda aka fara jera layukan bedi a kwarin Majiya cikin 1975 don tare iska, aikin da ya ce da hannunsa a ciki dumu-dumu, sai dai shaidunsa duka sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ba ya so a tuna masa shi ne aikin gyaran ƙasa na Keita, wanda aka soma a 1984 da kuɗin Italiya, domin a can mata ne suka fi ɗaukar duwatsu a ka, maza sun tafi cin rani. Kuma da zarar mata masu kawo fura sun taɓo wannan zance, sai tari ya sarƙe shi.

Mai hancin fura ba ya bukatar dogon sharhi: shi da ƙwarya tare suke isowa.

Can ƙarshen sahu kuwa akwai wani bawan Allah wanda makaɗi bai san kirarinsa ba, ba ya gaba, ba ya baya, yana noman kunyarsa yana kuma tsince abin da mai sammako ya binne. Idan la'asar ta yi aka raba goro, sau da yawa yakan ƙare kafin a zo kansa. Sai dai ranar da aka kira gayya a gonarsa, har mai hauya marar lafiya yakan zo da sabuwar ƙota.