Wa Ya Aike Ni Ajiya a Gajimare?

Kwana uku ke nan ban taka Babbar Kasuwa ba. Na buga wa Kawu waya na ce zazzaɓi ne ya kwantar da ni, ya ce "Allah ya ƙara," ya kashe. Har yanzu ina jiran "sauƙi" ɗin, bai turo ba.

Shagonsa yana layin 'yan atamfa, a kasuwar nan ta titin Ahmadu Bello da hukuma ke kira Kasuwar Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, baki kuma ya ƙi sakin tsohon suna. Shekara talatin yana sayar da sufa da leshi da shadda, da littafinsa mai jan bango da biro a bayan kunne, ko sisi bai taɓa ɓace masa ba. Sai ga ni da difilomar kwamfuta. Na ce masa tura wa mata hotuna ɗai-ɗai ta WhatsApp tsohon yayi ne. Duk abin da ya saro daga Kantin Kwari zan ɗauke shi hoto in zuba a Google Drive, in ba kwastomomi linki guda, kowacce ta zaɓa daga kan gadonta.

"To su hotunan a ina za su zauna?"

"A gajimare, Kawu."

Ya leƙa waje ya dubi sama, ya dube ni, ya ce Allah ya sa alheri.

Linkin nan sai ya fito da halin wutar lantarkin unguwarmu. Ya buɗe wa wata Hajiya a Malali da safe, da la'asar ya ce bai san ta ba. Ta Unguwar Rimi ta ga leshi ranar Talata, ranar Laraba ya ce ta nemi izini. Ta Kawo kuwa ko sau ɗaya bai yi mata fara'a ba. Duk wadda ta kawo ƙara sai in zaro wayata in danna a gabanta, ya buɗe tar, in ce, "Kin gani? Sabis ɗinku ne." Ko kusa bai faɗo mini a rai cewa mai ɗaki ba ya sallama a ƙofar ɗakinsa ba. Da sabis ya gaji da ɗaukar laifi, na koma kan teku. Na riƙa tuna musu azumin 2024, lokacin da igiyoyin intanet na ƙarƙashin ruwa suka lalace ta wajen Kwaddebuwa har harkar banki ta dagule. Uzuri ne mai auki, sati biyu ina cin sa.

Ranar Litinin, hazo ya rufe gari, sai ga babbar kwastomar Kawu, wadda ba zan faɗi sunanta ba ko da wuƙa a wuya. Lefen ɗanta take haɗawa, akwati shida, ana so a kai kafin azumi. Ta zo da jikarta, 'yar firamare mai ido a tsaye. Kawu ya ba ta kujera, ni na miƙa mata ruwan leda. Ku riƙe wannan ruwan ledar, zai dawo.

Leshin da take so yana sito. Na ce, "Hajiya, ba sai an wahala ba, ki danna linki." Ta danna. Ya ce ta nemi izini.

A Babbar Kasuwa ba a rasa likita. Kafin in ɗago, mai cajin waya ya ce a cire layi a goga a riga. Maƙwabcinmu mai mayafai ya ce a danna alamar jirgi a ƙirga goma. Wani ɗan dako ya sauke kayan mutane daga ka ya rantse akwai wani lungu a saman bene inda sabis ke kwana. Na hau kuwa, da difilomata da komai, wayar Hajiya a sama, ina karkata kai kamar mai neman jinjirin watan Sallah. Na sauko da ƙura a gira.

Duk wannan Baba mai goro yana kallo daga bakin layi, farantinsa lulluɓe da jiƙaƙƙen algarara. Bai ce uffan ba sai da kowa ya gama. Sannan ya yafito ni da yatsa.

"Yaro, ina ka ce ka ajiye kayan?"

"A gajimare, Baba. Amma ba wannan na sama ba. Wasu manyan kwamfutoci ne a ƙasashen waje, an jera su cikin gine-gine masu sanyi, su ne suke..."

Ya ɗaga mini hannu. "Yau wata nawa rabon Kaduna da ruwa?"

Na ce uku.

"To. Ka ɗauki dukiyar kawunka ka ɗora wa gajimare, da rani tsaka. Gajimare ya yi Kudu da ita, yanzu haka yana wajen Fatakwal. Waɗanda suka gani da safe, raɓa ce ta taimake su. Rana na ɗagawa shi ke nan."

Wallahi sai layin ya yi tsit, aka shiga gyaɗa kai. Abin da ya fi ba ni haushi, bayaninsa ya fi nawa zama daram. Ya warware zancen safe, ya warware zancen yamma, ya kuma kawo magani: ko a jira damina, ko a yayyafa wa wayar ruwa. "Abu in ya bushe ba ya buɗewa, ka tambayi goro." Har ya tsoma yatsu a gwangwaninsa, da ƙyar na janye wayar mutane. Bai ji haushi ba. Ya ɓare goro ya ce shi shekara arba'in yana ajiya, bai taɓa ajiye abu a inda ba zai iya zama a kansa ba.

Yarinyar ce ta gano ciwon. Ta leƙa ta ce, "Kaka, ai imel ɗin Yaya ne a kai." Ashe imel biyu ne a wayar, na Hajiya da wanda jikanta ya buɗe don wasan ƙwallo. Ni kuma tun farko na kulle foldar, sai imel ɗin da na rubuta da hannuna yake shiga. In wayar tana kan na Hajiya, ƙofa a buɗe. In yaro ya karɓa ya yi wasa ya bar ta a kan nasa, Hajiya ta zama baƙuwa. Ta Kawo kuwa ashe harafi guda na ci a imel ɗinta. Su masu danna "neman izini" har suka gaji, saƙonsu bai taɓa iso ni ba. Giga 15 ɗin da ake ba mutum kyauta, Gmail da Drive da hotuna ne suke raba shi, kuma tun farkon 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ma a ciki take ci. Nawa ya cika maƙil da bidiyon bukukuwa, wasiƙa ba ta da wurin sauka.

A nan ya kamata in zauna in sha ruwa. Ina! Kunya ta juye ta zama gadara. Na jawo kwamfutar shago na ce yau za a huta gaba ɗaya. Na sauya izini daga "waɗanda aka zaɓa" zuwa "duk mai linki", na kwafa, na tura wa Hajiya, na kuma watsa a guruf ɗin kwastomomi, mata ɗari da wani abu. Har na rubuta a ƙasa: "An gyara. Kowa ta shiga ta ga komai."

Komai.

"Ya buɗe!" in ji yarinyar. Mai caji ya yi tafi. Na gyara hula.

Abin da ban duba ba, ba foldar SABABBIN KAYA na buɗe ba. Uwar na buɗe, mai suna SHAGO, kuma izinin da aka ba uwa 'ya'yanta duka sun gada. Abu biyu ne a cikinta: hotunan leshi, da wani fayil da ni da kaina na raɗa wa suna KWASTOMOMI, SIRRI. Ku gaya mini ɗan Adam ɗin da zai ga leshi ya ga sirri ya danna leshi.

Hajiya ta manta gilashinta a mota. Ta miƙa wa jikarta ta ce, "Karanta mini." Yarinyar ta miƙe tsaye, ta haɗe ƙafafu, ta ɗauko muryar da ake karanta jawabin ranar yaye ɗalibai.

"Lamba ɗaya." Ta faɗi cikakken sunan kakarta, har da na maigida. "Laƙabi: Hajiya Gobe-Gobe. Hali: tana tayi kamar da gaba. A ƙara mata dubu uku a kan kowane turmi tun kafin ta zauna. Kada a sayo mata lemo sai an ga alat. Ruwan leda ya ishe ta."

Kwana uku ina maimaita abin da ya biyo baya. Hajiya ba ta yi ihu ba, da ta yi da na samu sauƙi. A hankali ta sunkuyar da kai ta dubi ruwan ledar da ke hannunta. Ta sha rabi, ledar ta yi laushi, kusurwar da ta huda da haƙori tana ɗiga a kan zanenta, ɗis, ɗis. Ta dube shi kamar yau ta fara ganin ruwa. Ta ɗago ta dubi firjin mai lemo da ke tsallaken layi, taku biyar daga kujerarta. Ta dawo da ido kan ledar. Sannan ta dube ni.

Kawu yana tsaye da turmin sufa a buɗe tsakanin hannuwansa, ya daskare kamar mai shanya. Biron ya zame daga kunnensa ya faɗi, duk layin an ji ƙararsa. Ni kuma bakina, wanda ban aike shi ba, ya buɗe ya ce, "Hajiya, a kawo lemo?"

Wannan kalmar ce take tashe ni da dare. Da na yi shiru, da an ce yaro ne ya yi kuskure. A kawo lemo!

"Bar shi, ɗan nan," ta ce, murya a sanyaye. "Ai ba a ga alat ba." Ta juya ga jikarta. "Ci gaba. Wace ce lamba biyu?"

Lamba biyu aminiyarta ce. Lamba huɗu yayar amaryar da ake haɗa wa lefen. Na yi tsalle kan kwamfuta zan kulle, sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Duk baƙon da ya shigo fayil ta irin wannan linki, ba a nuna sunansa, sai a ba shi hoton dabba a saman shafi. Ga raƙumi. Ga hawainiya. Ga kura, ga dila, ga bushiya, har da kada, kai ka ce daga kogin Kaduna ya fito. Suna ta ɓullowa ɗaya bayan ɗaya kamar taron tatsuniya, kowace dabba Hajiya ce a falonta, tana neman lambarta. Hannuna na rawa, na rufe, amma bakin alƙalami ya bushe, don tuni wata ta ɗauki hoton shafin ta mayar guruf.

Wayar Kawu ta fara ruri. Ta biyu ma ta ɗauka. Tawa tana ta zillo a aljihu. Na sulale ta bayan dilolin shadda zan bar layin, sai na ji an riƙe mini gefen riga.

Baba ne. Ya nuna mini shagon da haɓa, inda murya ta fara tashi, ya tauna goronsa a natse.

"Ka ga abin da nake gaya maka? Ga hadarin nan ya haɗo."