Babbar riga a Gurara

Daga ɗaurin aure muka fito a Minna, aminina ya ce tunda hanyar Suleja za mu bi, mu ratse mu ga ruwan Gurara. Watan Agusta ne, kogin ya cika ya batse, yana zubowa daga tsayin kusan mita 30 da rugugin da sai ka yi ihu kafin na kusa da kai ya ji ka. Ni kuwa ina cikin shadda mai sitaci, ga takalmi sau-ciki wanda ko a kan tayil sai da lallami.

Wani yaro ɗan yankin, da takalmin roba a ƙafarsa, ya biyo mu. "Alhaji, kada ka taka inda ya yi kore, gansakuka ce. Kuma idan aka yi ruwa can sama, kogin nan yakan ƙaru ko da rana ake yi a nan."

Na ce, "Yaro, tun ba a haife ka ba nake tsallake rafi." Gaskiya na faɗa, sai dai rafin garinmu ko akuya ba ta jiƙa gwiwa a cikinsa.

Hoto nake so, ruwan ya fito a bayana. Na juya wa kogin baya, na ɗaga waya, na ɗan matsa. Ƙafar dama ta yi gabas, ta hagu ta ce ba da ita aka shirya tafiyar ba. Sai ga ni tsundum a wani kwarmi tsakanin duwatsu, ruwa har ƙirji. Babbar riga ta sha ta ƙoshi, ta yi nauyin da na kasa miƙewa. Hulata kuwa ta kama hanyar kogin Kwara ko sallama babu.

Aminina ya ɗora hannu a ka yana salati. Har na ji daɗi, sai na ji ya ce, "Makullin motar fa yana aljihunka!"

Yaron bai miƙo hannu ba, kada in ja shi mu tafi tare. Ya kwanta rub da ciki a kan busasshen dutse, ya miƙo doguwar sanda, ya ce in fara tuɓe rigar. Haka aka fito da Alhaji da 'yar ciki, takalmi ƙafa ɗaya, wasu 'yan makaranta da ke wurin suna tafi.

Da muka isa gida uwargida ta dube ni sama da ƙasa. "Malam, ruwa aka yi a wurin ɗaurin auren?"

Aminina ya riga ni amsawa: "A'a Hajiya, shi ya bi ruwan har gida."