Daren da Na Zama Jinginar Mai Tsire

A watan Fabrairun 2023 ne, lokacin da kuɗi suka yi ɓatan dabo a Kano. An sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, wa'adin tsofaffin ya cika ranar 10 ga wata, sababbin kuwa sai dai ka ji labarinsu a rediyo. Masu POS suka zama manyan gari, har gaisuwa ake kai musu. Layin ATM sai da tabarma ake zuwa. Kowa ya koma taransfa, har tsohuwar da ke soya ƙosai a bakin layinmu ta haddace lambar asusun jikarta.

Wani dare ƙamshi ya tare ni a titin gidan Zoo, ga ragowar sanyin hunturu. Na tsaya wajen mai tsire.

"Alhaji, barka da zuwa!" in ji shi, ni da ko sansanin alhazai ban taɓa leƙawa ba.

Na ce a yanka na dubu biyu, a cika albasa da yaji. Na ci, na kora da ruwan leda, na goge baki. Sannan na zaro waya cikin ƙasaita, na kwafi lambar da aka rubuta a jikin yagaggen kwali, na tura. Nan take aka cire kuɗina. Wajen cirewa dai ban taɓa ganin netiwok ya yi nawa ba.

Mai tsire ya ɗauko wata 'yar ƙaramar waya mai tocila, ya ƙura mata ido. "Alhaji, ba ta shigo ba."

Na nuna masa rasit. Ya ce shi bai san rasit ba, alat ya sani, don jiya ma wani mai babbar riga ya nuna masa irin wannan hoton, ya tafi da rabin cinya. Ya nuna mini benci da wuƙar hannunsa. Mutum mai wuƙa idan ya ce ka zauna, ba a cika yi masa gardama ba.

Da aka jima na koma "Malam". Da aka ƙara jimawa sai ji na yi ya ce, "Kai mai shuɗiyar hula, tunda kana zaune, ɗan fifita wutar nan." Na karɓi mafici.

Ashe ba ni kaɗai ba ne. Kafin ƙarfe goma bencin ya cika: wani malamin makaranta, wani ɗan kasuwar waya daga Farm Centre, da wani ango da amarya ta aiko, tana ta kira yana rantsuwa cewa ba wani wuri ya biya ba. Duk mun tura, duk an cire, duk muna tsare. Nan da nan muka zama 'yan uwa. Aka taɓa zaɓen da ke tafe ranar 25 ga wata, aka yi musu ko Arsenal za ta riƙe saman teburi har ƙarshen kaka, ɗan Farm Centre ya yi mana lacca kan sabar banki, wadda shi ma daga gani bai taɓa ganinta ba. Wani yaro kuma ya tsaya yana ɗaukar mu don ya sa a TikTok. Na kare fuska da mafici.

Ina cikin fifita sai ga mota ta tsaya. Yayan matar da nake nema ne. Ya dube ni, ya dubi hayaƙin, ya ce cikin tausayi, "Allah sarki, ai neman halak ba abin kunya ba ne. Allah Ya sa albarka." Kafin in buɗe baki ya ɗaga gilashi.

Haushi ya sa na sake tura dubu biyu, ko ta biyun za ta turo ta farkon. Ita ma aka cire.

Can wajen sha ɗaya sai ga yaron mai tsire ya dawo daga gidan kallon ƙwallo, yana riƙe da waya irin ta maigidansa sak. "Yaya, wayarka na ɗauka ashe. Tun ɗazu take ta ƙara a aljihuna, ta hana ni kallo."

Mai tsire ya karɓa, ya duba, ya washe baki. "Alhazai, ku yi haƙuri! Duk sun shigo."

Na ce to a mayar mini da dubu biyuna. Ya ce tsabar kuɗi dai rabonsa da su tun makon jiya, amma zai iya yi mini taransfa. Bencin gaba ɗaya ya ce a'a. Sai ya naɗe mini tsiren dubu biyu a takarda, ya ƙara gyara.

Na tsayar da adaidaita sahu zuwa Ƙofar Nassarawa. Direba ya ce ba ya karɓar taransfa, wai jiya a bakin wani gida ya kusa kwana yana jiran alat. Na buɗe takardar, ya sunsuna. Na taya tsinke biyu, ya ce uku, kuma albasar duka tasa ce.