Mu da Maganin Hawan Jini

Mu dai a unguwar nan, in likita ya ce wa mutum jininsa ya hau, sati biyu ne ko uku zai yi yana shan magani ba fashi. Da ciwon kai ya lafa, jiri ya tafi, sai sauran ƙwayoyin su koma ƙarƙashin katifa. Ka ce, "Alhaji, ya maganin?" ya ce, "Ai na ji sauƙi, alhamdu lillahi." Hajiya kuma ta ce ita ba ta son jikinta ya saba da ƙwaya. Sai wata asuba a ji wane ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace, mu taru a ƙofar gida muna cewa iska ce ko jifa.

Abin da ke ci mini rai shi ne, wannan ciwo sau da yawa ba ya sallama. Mutum na iya yawo da 160 bisa 100 yana cin kasuwarsa lafiya lau, alhali ƙoda da zuciya da jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna ta jin jiki. Awo kaɗai ke tona shi: in ya kai 140 bisa 90 a ranaku daban-daban, hawan jini ne. Amma mu nawa muka san lambarmu? Nas ta ɗaura abin awo, ta rubuta a kati, mu ce mun gode, mu tashi.

Gaban likita kuwa sai kunya ta ɗaure mana baki. "To, likita. To, ranka ya daɗe." Amlodipine kan kumbura wa wasu ƙafa, lisinopril kan sa wasu busasshen tari, kuma in an faɗa akwai wanda za a canza. Mu sai mu bari a ɓoye, ranar dawowa mu ce muna sha. Likita ya ga jini bai sauka ba, ya ƙara ƙarfin magani a kan abin da ba gaskiya ba. Ba ma faɗin diclofenac ɗin da muke saya a kemis don ciwon gwiwa, wanda shi ma yana tayar da jini, balle jiƙe-jiƙen da Inna ta aiko daga ƙauye.

Ga kuma tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin mutum ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan. Uwargida, lissafa dunƙulen miya, da kanwa, da yajin da ake barbaɗawa.

Don Allah 'yan uwa, kowa ya nemi ɗan littafi ya riƙa rubuta awonsa da kwanan wata. Ranar asibiti a zuba duk abin da ake sha a leda, har na gargajiya, a ajiye gaban likita. A tambaye shi sunan maganin, da aikinsa, da abin da za a yi in ya dami jiki. Kuma kada a ajiye maganin sai likita ya ce.